Na Binne Furanninki Kamar Citta

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai yawa, da ladabi da biyayya, cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina hutawa a inda babu ciwon gwiwa, babu kuma sanyin Amurka da kika shekara biyar kina yi wa faɗa. Mu nan Upper Marlboro muna lafiya. Surukinki Bulus yana gaishe ki. Jikokinki sun ƙara tsawo, Hausarsu kuwa tana nan inda kika bar ta, a yi musu magana su ji sarai, su mayar da Turanci.

Wata bakwai ke nan da tafiyarki ban rubuta miki ko layi ɗaya ba, yau ɗin ma ba abin kirki ne ya zaunar da ni ba. Ɓarna na yi miki, Mama. Tun safe na wanke hannu ya fi sau goma amma warin yana nan. Na san matan zumuntar coci za su karanta wannan, wasu su riƙe baki, wasu su ce ai ga Saratu uwar iyayi, yau ta gamu da gamonta. Su faɗa, gaskiyarsu ce. Ni dai ke nake gaya wa.

Furannin nan naki na bayan gida, waɗanda ake ce wa airis, masu faɗin ganye a tsaye kamar wuƙaƙe, na kashe su. Ba bareyi ba ne, ba ƙanƙara ba ce, ba tsutsa ba ce. Ni ce, da hannun nan nawa, ina yi ina jin daɗi wai gata nake yi musu.

Bari in ɗauko miki daga farko. Da muka kai ki gida muka kwantar da ke kusa da Baba, na dawo nan cikin Nuwamba, sanyi ya fara shigowa. Kwana uku na kasa shiga ɗakinki. Rana ta huɗu na buɗe ƙofar baya na fita lambu, ko zan ji sanyi a raina. Abin da na gani ya tsinka mini zuciya. Saiwoyin furanninki duk suna kwance a saman ƙasa, bayansu a waje, masu kauri, gaɓa-gaɓa, sak ɗanyar citta da ruwan sama ya zaizaye wa ƙasa. Na ce wayyo Allah, ashe ciwo ya ci ƙarfin Mama tun kafin mu farga, har ta kasa rufe shukarta. Na tsaya a wurin na yi kuka mai isata.

Kin san 'yar wace ce ni. A gonarmu ta Kachia, tun ban kai tsawon ƙotar fartanya ba, kina gaba kina saka irin citta a rami, ina biye ina rufewa. In mun gama mu shiga daji mu yanko ɗanyen ganye, dami-dami a ka, mu lulluɓe gonar gaba ɗaya. In na bar ko kan farce na citta a waje, sai ki dawo da baya ki nuna da yatsan ƙafa ki ce, "Saratu, wannan wa kika bar wa? Rufe ta, rana ba ƙawarta ba ce." Na sha ranƙwashi a kan wannan har ya zauna mini a jiki.

To washegari na je kantin kayan lambu na cika bayan mota da buhunan baƙar ƙasa, da takin shanu, da dagargajen ɓawon itacen nan da mutanen ƙasar nan suke zubawa a gindin shuka. Bulus ya tsaya a bakin ƙofa da kofin shayinsa ya ce, "Maman Godiya, da kin bari Misis Dorati ta dawo kin tambaye ta, ai ita ta ba Mama su." Misis Dorati dai ƙawarki, tsohuwar nan ta ƙetaren shingenmu. A lokacin tana can wajen 'yarta a wata jiha, an yi mata aiki a ƙugu. Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Ni za a koya wa rufe citta? Ni 'yar Kachia?" Ya ɗaga hannu ya koma ciki abinsa. Yau har haushinsa nake ji da bai tsaya ya ja da ni ba, ko da yake ba a cin gardama da ni, kin kuma san inda na gado.

Na zuba musu ƙasa ta kai taƙi guda, na bi da taki, na danne da tafin hannu, na kawo ɓawon itace na lulluɓe, har na ja musu 'yar kunya don kyau. A can kusurwa, inda bututun ruwan rufi yake zuba, na tarar da wasu dunƙulen ciyawa masu siririn ganye sun bushe. Na ce ji ciyawa ta samu sake. Na sa almakashi na aske su ƙasa-ƙasa, na watsa musu ragowar ɓawon don kada in koma da shi garej. Na kakkaɓe hannu na tsaya ina kallon aikina, na ce ko ba komai na ƙarasa wa Mama abin da ta fara.

Sanyin bana ruwa aka yi ta yi, in ba ruwa ba ƙanƙara, ta narke ta sake zuba. Ƙasar nan tamu kuwa kin san ta, yumɓu ce, in ta sha ruwa ba ta saki. Ni kuma lokaci-lokaci in buɗe ƙofar baya in leƙa tudun nan, raina fes, in ce suna can cikin ɗumi.

Da Afrilu ya kama na fara lura, a hanyata ta zuwa asibiti, airis ɗin gidajen mutane sun miƙe sun kai gwiwa, wasu har sun fitar da kara. Namu kuwa 'yan ganye ne tsilli-tsilli, sun yi rawaya sun langaɓe. Na ce ƙila abinci ne bai ishe su ba. Har taki na ƙara musu, Mama, ki ji ƙarfin hali.

Yau Asabar ba ni da duti. Da hantsi na fita na kama ganye ɗaya don in miƙar da shi, sai kawai ya biyo hannuna, gindinsa yana yauƙi. Na kama na biyu, shi ma haka. Na durƙusa na tona, yatsana ya lume cikin saiwar kamar cikin ruɓaɓɓen dankali. Sai wari ya buge ni. Shekarata goma sha takwas ina aikin nas, babu irin gyambon da ban wanke ba, amma sai da na juya na yi amai a gindin shinge. Na dawo na ci gaba da tono kamar wadda ta zautu, nan ruɓa, can ruɓa, ina ta cewa a'a, a'a, ni kaɗai.

A haka Misis Dorati ta same ni. Makon jiya ta dawo, da sanda take tafiya yanzu. Na miƙe in gaishe ta. Ta leƙo ta kan shinge ta dubi tudun, ta dubi hannuna, ta dafe ƙirji ta ce, "Ya Yesu! Wa ya binne su?" Na ce ni ce, tsirara na tarar da su, na ji tsoron sanyi ya kashe su. Can ta ce, "'Yata, ba a binne waɗannan. Bayansu rana yake so. Yadda kika gan su ɗin nan, haka uwarki ta ajiye su, ɗaya bayan ɗaya, da gangan."

Mama, sai na zauna daɓas a cikin taɓo. Ashe abin da na tsaya ina yi wa kuka a Nuwamba, ina cewa ciwo ya hana ki ƙarasawa, gamammen aiki ne. Babu abin da ya rage a yi masa. Ni na zo na rushe shi cikin wuni ɗaya, har ina kakkaɓe hannu.

Sai a lokacin wata maganarki ta faɗo mini. Wata rana da zafi kin shigo kicin kina share gumi kina dariya ke kaɗai, kika ce, "Ƙasar nan abin mamaki ba ya ƙarewa, har cittarsu tsirara take zama." Ina cikin neman makullin mota na ce, "To, Mama," na fice. Na ɗauka zancen tsufa ne.

Misis Dorati ta zagayo ta ƙofar shinge, na kawo mata kujerar nan taki ta roba. Ta zauna tana ba ni umarni da sanda, tana kuma ba ni labarinki. Labarin ya fi ruɓar girgiza ni, don wata mata ce ta kwatanta mini wadda ban sani ba, alhali ƙofar ɗakinta tana kallon tawa.

Ni abin da na sani, ke ba ruwanki da fure. Shekarar da kika zo jegon auta kika ga ciyawa shimfiɗe a bayan gida, kika ce mutanen nan Allah ya ba su ƙasa ya hana su dabara. Kika shuka kuɓewa da yakuwa da alayyafo, bareyi suka zo suka yi biki da su cikin mako ɗaya. Na tuna kina tsaye kina nuna lambun Misis Dorati da haɓa kina cewa, "Wancan mai ganyen wuƙa me ya sa ba sa taɓa shi? Abin da barewar ƙasar nan take tsoro, ai ya kamata a je a gaishe shi." Iyakar sanina ke nan. Nakan hango ku a shinge, ke ba Turanci, ita ba Hausa, kuna ta nune-nune da hannu, in ce na gode Allah Mama ta samu abokiyar hira, in wuce.

Ashe ke ma sai da kika binne su! Ta ce ranar da ta fara ba ki, ta jera miki su a saman ƙasa, kafin ta juya baya kin haƙa rami kin tura su kin rufe. Ta tono, kika sake binnewa. Sau uku kuna haka har ranta ya ɓaci. Daga ƙarshe kika raba su biyu, rabi irin dashenta, rabi irin naki, kika ja layi da kara a tsakani. Da Mayu ya zo naki suka ruɓe, nata suka yi fure. Ta ce ta zaci za ki daina yi mata magana, sai ga ki da kwanon pate a rufe, kika miƙa mata ta kan shinge, kika rusuna kina dariya. Mama, ke? Ke da Baba ya yi shekara arba'in bai taɓa jin kin ce kin yi kuskure ba? Kina da shekara saba'in da ɗoriya kika sauya abin da hannunki ya saba tun ƙuruciya, a bayan gidana, ni ko labari ban ji ba.

Ta ce kuma ba ta taɓa ganin mai zaɓen iri kamarki ba. Tana da airis kala-kala, har da manyan nan na zamani masu fure kamar gwaggwaron biki, waɗanda take ji da su. Ta ɗauka su za ki so. Kika ƙi ƙara karɓar komai, kika shekara guda cur kina kallo. In an yi ruwa da iska ki leƙa ki ga wanne ya kwanta, wanne yake tsaye. In zafi ya yi ki duba wanne ganyensa ya yi ɗigo-ɗigo, wanne ya zauna kore shar. Ki durƙusa ki ƙirga 'ya'yan da kowace saiwa ta fitar a gefenta. Masu gwaggwaron nan kuwa hannu kika kaɗa musu kina yatsina fuska, kina kiran su da wani suna. Har yau tana riƙe da sunan, ta faɗa mini da bakinta na Ba'amurkiya: 'yan gayu. Ina cikin hawaye na fashe da dariya.

Waɗanda kika zaɓa tsofaffin iri ne guda uku, masu ƙaramin fure, waɗanda ta tono daga kangon gidan kakarta, inda suka yi shekaru babu mai ba su ruwa amma suna ta yaɗuwa. Su ma ba kowace saiwa kike ɗauka ba. Ki auna ta a tafin hannu, ki danna da babban yatsa, ki shinshina, mara nauyi ki jefar, daidai yadda kike tantance irin citta a gindin mangwaronmu. Kika jera su a gaba, ta inda rana ta fi daɗewa, kika bar kamu guda tsakaninsu da sauran furanni don kada ganyen wani ya rufe musu baya. Akwai kuma wani mai ruwan ɗorawa, ɗan bakin ruwa, mai ƙarfin tsiya. Ta miƙo miki kika ƙi, kika ware hannuwa kina kwaikwayon mai haɗama, don kin ga yadda yake cinye wurin maƙwabtansa. Ta ce a nan ta gane ba ƙarfi kaɗai kike nema ba, har da wanda zai zauna lafiya da sauran shuke-shuken.

Sannan ta ɗaga sanda ta nuna kusurwa ta ce in duba. Ciyawar nan da na aske, ga ta ta tofo cunkus, babu abin da ya kai ta kyau a lambun. Ashe ita ma airis ce, wani iri daban da ake ce wa 'yan Saiberiya, masu son laima da rufi, shi ya sa kika kai su bakin bututu. Wai askin da na yi musu ma daidai ne. Abu ɗaya da na yi daidai a lambun nan, cikin raini na yi shi.

Muka tono sauran duka. Saiwa talatin da huɗu na jera a kan tsohuwar jarida. Ta ce in kawo cokali da wuƙa da ruwan bilicin wanki da aka surka. Wadda ta yi laushi gaba ɗaya, sai shara, kada ma a bari ta taɓa ƙasar lambu. Wadda take da sauran tauri, in ƙwaƙule ruɓar da cokali har in kai ga farin nama mai ƙarfi, in tsoma a ruwan, in shanya a rana. Wannan aikin dai na iya shi, kusan shi nake yi wa mutane kullum. Amma yau kowacce na ɗaga sai in ce wannan Mama ta auna ta a tafinta.

Ina cikin ƙwaƙula ta ce ai cikin Agusta kika rarrabe su kika sake jerawa, kina yi kina hutawa, kina dafe ciki. Cokalin ya suɓuce mini. Agusta, Mama! Sati uku kafin mu kai ki asibiti. Ni nas ce, a gida ɗaya muke, ban taɓa ganin kina dafe ciki ba.

Biyar suka rage cikin talatin da huɗu. Su ma biyu daga ciki ta juya su a hannu ta taɓe baki ta ce sai dai addu'a. Na kwashe ƙasar da na zuba, da takin, da ɓawon, buhu-buhu yadda na kawo su. Ta ce su sha rana kwana biyu kafin a mayar, amma ta sa na gwada da ɗaya a gabanta don ta ga na iya. A ja ɗan tudu, a ɗora saiwar a kai, a baza siraran jijiyoyinta gefe da gefe a rufe su kaɗai, bayan kuma a bar shi a waje. Na ɗora. Kafin in ankara hannuna ya ɗebo ƙasa zai zuba a kai. Ta buga sanda ta ce, "A'a!" Na buɗe hannu ƙasar ta zube gefe. Ban san zai yi mini wuya haka ba, in bar abu naki a fili in tashi.

Ta ce bana ba za su yi fure ba, ƙila baɗi, ƙila ma sai ta gaba. Na tambaye ta wanne iri ne cikin ukun ya tsira. Ta ce daga saiwa ba a ganewa, sai sun buɗe. Da za ta tafi ta dafa kafaɗata ta ce, "Mu roƙi Allah a ce akwai wanda uwarki ta fi so a ciki. Kin san shi ai, wanda take tsayawa a kansa da safe tana yi masa waƙar coci."

Na gyaɗa kai. Ƙarya na yi, Mama, kuma wannan ne ainihin abin da ya zaunar da ni rubutu. Ban san shi ba. Ban san launin ko ɗaya daga cikinsu ba. Mayu huɗu suka yi fure a gidan nan, sati biyu ko uku suna buɗe. Ni kuwa ta garej nake fita, ta garej nake shigowa, daga wannan duti zuwa wancan, ranar hutu in yi barci ko in kwashi yara mu fita. Na sha hango wani abu mai launi ta gefen ido, amma a ce in faɗi ko mene ne, ba zan iya ba. Abin da nake iya tunawa muryarki ce daga ƙofar baya, "Saratu, zo ki ga wani abu," ni kuma in ce ina zuwa.

Bayan ta tafi na ɗauko wayarki na sa a caji, na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Jikoki ne kawai, sai ƙafarki da kika ɗauka bisa kuskure har sau shida. Na tambayi Bulus, ya ce yana jin shuɗi ne, ko kuma fari, bai tabbata ba. Kunya kuma ba za ta bar ni in koma wurin matar nan in ce mata ta fi ni sanin uwata ba, ko da yake gaskiyar ke nan.

Ki yafe mini, Mama, ba don furen kaɗai ba.

Allah ya ba ki hutawa a gabansa, ya sāka miki wahalar da kika sha a kanmu tun daga gonar citta har zuwa ƙasar mutane. Allah ya ƙara wa ƙawarki lafiya da tsawon kwana. Saiwoyin nan biyar, ɗaya a kan tudu, huɗu shanye a kan matakalar baya, Allah ya tsare su daga ruɓa, ya tsare su daga hannuna. In ba za su rayu duka ba, ya bar mini ko guda ɗaya, ya ba ni rai da lafiya in kai ranar da za ta buɗe. Amin.

Mayu huɗu kina kira na ban zo ba. In ta buɗe, Mama, zan zo.

Taki har kullum,
'yarki mai taurin kai,
Saratu